Tsakanin Rami da Rami: Yadda Ake Shirya Farmakin Dakaru

 

Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, hotunan da ke yawo a wayoyinmu suka dawo mana da wani irin yaƙi da muka ɗauka ya tafi tare da kakanni: mutane a kwance cikin ramuka, taɓo har gwiwa, ana tura su rukuni-rukuni su ƙwace ramin da ke gabansu. Ga kuma rahotannin samarin Afirka da aka ja can da alkawarin aiki ko karatu, suka wayi gari a bakin daga. Shi ya sa yau nake so mu zauna mu duba yadda manyan hafsoshi ke tsara irin wannan farmaki, da abin da ke faruwa in lissafinsu ya kuskure.

Muna da haƙƙin yin wannan magana, don an yi da mu. A 1892, da hafsan Faransa Dodds ya tasam ma Sarki Behanzin na nan Dahome, cikin rundunarsa akwai bataliyar da Faransawa suka raɗa wa sunan Hausawa. A wajen Turawan Ingila kuwa, sojojin Najeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, Hausa ce harshen barikinsu. Waɗanda Faransa ke kira sojojin Sanagal su ma ba duka 'yan Sanagal ba ne. An kwaso su daga Dahome, da Nijar, da ƙasar da ake kira Mali a yau, da Gini, da sauran ƙasashen da ke hannunta.

Mu fara da filin kansa. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, layin ramuka ya miƙe tun daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar kilomita wajen 700. Kowane ɓangare yana da ramin gaba, da na bayansa inda masu kawo ɗauki ke jira, da na uku, sannan ƙananan ramuka sun haɗa su don a kai abinci da harsashi, a kwaso masu rauni. Ba a haƙa su a miƙe. Ana yi musu kwana-kwana, don in bam ya faɗa wuri ɗaya kada ya share kowa. A gaban rami an shimfiɗa waya mai ƙaya jere bisa jere. A bayan wayar ga bindiga mai jigida, wadda mutum kaɗan ke sarrafawa amma tana zubar da harsashi wajen 500 a minti guda. Sau da yawa a gefe ake kafa ta, don ta yanki masu tahowa ta haƙarƙari.

To, duk tulin takardun da ake rubutawa kafin farmaki, abin da suke nema shi ne cin wani tsere na 'yan mintuna. In igwa ta fara ruwan wuta, mai tsaron rami yakan sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fake. A yankin Somme Jamusawa sun haƙa irin waɗannan ɗakuna har zurfin mita 9 ko 10. Da igwa ta ɗaga, sai ya saɓi bindigarsa ya hau matakala a guje, wani na biye da shi da akwatin harsashi. A daidai wannan lokaci mai kai farmaki ya fito daga nasa ramin, da kaya wajen kilo 30 a jiki, yana ratsa filin da bama-bamai suka yi wa kaca-kaca. Wanda ya riga isa bakin ramin, ranar tasa ce. In mai jigida ya riga ko da da minti ɗaya ne, bataliya guda tana iya ƙarewa kafin rana ta ɗaga.

Saboda haka aikin mai shiri yana da yawa. Sai ya tabbata igwa ta yanke wayar, kuma tabbacin nan ba a samunsa daga ofis, sai an aika 'yan sintiri da dare sun ja ciki sun taɓa da hannu. Sai ya gano inda igwogin abokin gaba suke, ta hotunan jirgin sama da walƙiyar bakinsu, ya rufe musu baki kafin mutanensa su fito. Ana daidaita agogon hafsoshi duka su zama ɗaya. Ana raba dakaru rukuni-rukuni, na farko ya wuce ramin gaba bai tsaya ba, na bayansa masu gurneti da adda su share ɗakunan ƙasa don kada a harbi na gaba ta baya, wasu kuma su biyo da shebur, da buhunan yashi, da ruwan sha, don ramin da aka ci da safe za a zo ƙwatarsa kafin la'asar. Daga baya aka ƙirƙiro wutar igwa mai tafiya, wadda ke matsawa gaba kaɗan-kaɗan dakaru na biye da ita, kamar yadda mafarauta ke bin bayan wutar daji da rani: ka matsa da yawa ta ƙone ka, ka ja baya abin da ke cikin rami ya sami sarari. Akwai kuma wani ƙulli da ya sha kan kowane janar. In ya daɗe yana ruwan igwa don ya lalata waya, ya riga ya faɗa wa abokin gaba inda zai zo, shi kuwa sai ya kawo sojojinsa na ajiya a jirgin ƙasa. In ya gajarta don ya zo ba zato, wayar tana nan daram.

Abin da ya fi muni shi ne, da zarar an busa usur mutane sun fita, janar ya zama makaho. Wayoyin tarho bama-bamai sun tsinke su. Sai ɗan aike da ƙafa, ko tattabara, ko tuta da fitila cikin hayaƙi. Labarin da ya bar bakin daga da ƙarfe 7 yana iya kai wa hedkwata da hantsi ko azahar. Don haka igwa agogo take bi, ba ta san ko mutanenta sun maƙale a waya ba. Kuskuren da aka yi a kan tebur tun makonni baya, ba a gyara shi ranar farmaki. Jikin soja ne ke ɗaukarsa.

Haka ya faru da Ingila a Somme ranar 1 ga Yuli 1916. Mako guda ana ruwan igwa, an harba harsasai wajen miliyan ɗaya da rabi. Da yawansu ba irin da ke yanke waya ba ne, wasu ma ba su fashe ba. Ƙarfe 7 da rabi na safe dakaru suka fito, Jamusawa suka riga su hawa. A wannan wuni ɗaya mutum 57,470 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace, waɗanda suka mutu 19,240.

Amma tun kafin Turai ta koyi wannan karatu, an fara biya shi a nan maƙwabtanmu. A Togo Jamusawa suna da babbar tashar wayar iska a Kamina, kusa da Atakpame, wadda ke haɗa Jamus da sauran ƙasashen da ta mallaka da jiragenta na ruwa. Yaƙi na tashi a Agustan 1914, Ingilishi suka shigo daga yamma suka kama Lome, Faransawa suka ƙetara daga nan Dahome. A wannan tafiya ce Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas ya yi harbin da ake lissafawa shi ne na farko da wani sojan Ingila ya yi a duk yaƙin. Jamusawa ba su da sojoji na sosai a Togo, sai 'yan sanda masu makamai. Suka ja baya ta hanyar dogo, suka fasa gada a kogin Chra, wurin garin da a yau ake kira Wahala, suka haƙa ramuka a tudun da ke hayin arewa, suka kafa bindigogi masu jigida guda 3.

Ranar 22 ga Agusta, Kanar Bryant na Ingila ya tura mutanensa, tare da sojojin Faransa na Kyaftin Castaing. A takarda shirin yana da kyau: wasu su riƙe gaba, wasu su zagaya gefe. Sai dai daji ne mai duhuwa. Rukunonin suka daina ganin juna, masu igwa ba su ga inda harsashinsu ke sauka ba, kuma ba wanda ya san takamaiman inda masu jigidar suke sai da suka buɗe wuta. Sojojin da suka kusa isa ramin aka zubar da su dab da shi. A nan Laftana Thompson ya faɗi, hafsan Ingila na farko da aka kashe a fagen fama a wannan yaƙi, kuma an tarar da gawarwakin sojojin Afirka kewaye da tasa. Sunansa yana cikin littattafai. Nasu sai wanda ya tona. Fiye da mutum 20 suka mutu a ɓangaren masu farmaki, wurin kuma bai ciwu ba. Jamusawa da kansu suka janye cikin dare, don wata rundunar Faransa ƙarƙashin Maroix tana matsowa Kamina ta gabas, daga ƙasar Dahome. Suka rushe tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga watan. Ku lura, abin da gaba-da-gaba ya kasa, zagaye ne ya yi shi.

Mako guda bayan Chra aka maimaita a Garwa, a bakin Binuwai, arewacin Kamaru. Kanar Maclear ya taso daga Yola da sojojin Najeriya. Jamusawa sun kewaye garin da tungaye masu ramuka. Daren 29 ga Agusta ya auka musu, har ya ci tunga ɗaya. Amma cin rami daban, riƙe shi daban. Gari na wayewa Jamusawa suka dawo da masu jigida, aka kashe Maclear da wasu hafsoshinsa, sauran suka watse suka koma Yola.

Da aka dawo Garwa a 1915, hafsan Ingila Cunliffe ne ke jagora, tare da Faransawa na Kanar Brisset. Wurin ya ma fi da ƙarfi, don kwamandan Jamusawa Von Crailsheim ya yi watanni yana ƙara waya da ramuka. Cunliffe bai yi gaggawa ba. Ya sa aka hauro da igwar jirgin ruwan yaƙi ta Kwara da Binuwai, Faransawa suka kawo tasu babba. Ya toshe hanyoyin fita. Sannan aka shiga haƙa. Da duhu ya yi sai sojoji su fito da diga da shebur, ba magana, ba wuta, su tsawaita rami zuwa gaba, su jera ƙasar a gefen da harbi ke zuwa, kafin asuba kowa ya nutse ciki. Da rana igwa ta yi aikinta. Kowace safiya masu tsaro su tarar an ƙara matso su. Daga ƙarshen Mayu zuwa 10 ga Yuni, sojojin Afirka da ke ɓangaren Jamus suka karaya, wasu suka faɗa Binuwai don su tsere, ruwa ya ci da dama, aka ɗaga farar tuta. Ba a kai ga babban farmakin da aka tanada ba. Shirin zaune ya fi na tsaye, in ji Hausawa. A ganina wannan ne ma'aunin hafsa: shebur nawa ya yarda ya kashe kafin ya kashe mutum ɗaya.

Yanzu mu je inda zuciyata ta fi nauyi. A arewacin Faransa, tsakanin Soissons da Reims, akwai wani dogon tudu da ake kira Chemin des Dames. Jamusawa suna kansa tun 1914. Cikinsa cike yake da tsofaffin koguna inda aka daɗe ana sassaƙar dutsen gini, sun mai da su barikoki, da ƙofofi ta gaba da ta baya. Janar Nivelle, wanda ya zama shugaban sojojin Faransa a ƙarshen 1916, ya yi alkawarin fasa wannan layi cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa shi ne nasarar da shi da Janar Mangin suka samu a Verdun, inda aka ƙwato tungar Douaumont ranar 24 ga Oktoba 1916, kuma sojojin Afirka suna cikin waɗanda suka hau ta. Amma abin da ya yiwu a fili mai faɗin 'yan kilomitoci, sai ya ɗauka zai yiwu a mai faɗin gomiya.

Alamun gargaɗi sun zo ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris Jamusawa suka ja baya a wani sashe suka gajarta layinsu, suka sami rarar sojoji. A farkon Afrilu takardun shirin suka faɗa hannunsu. Ministan yaƙi Painlevé da Janar Pétain duk sun nuna shakka. A taron da aka yi a Compiègne ranar 6 ga Afrilu Nivelle ya ce zai ajiye aiki in ba a bar shi ba, aka bar shi. Kuma kada a ce ba a san yadda ake yi ba a lokacin. Mako guda kafin farmakin Nivelle, ranar 9 ga Afrilu, sojojin Kanada sun hau tudun Vimy bayan sun yi makonni suna gwaji a filin da aka zana musu ramukan abokin gaba da ƙyalle, an raba taswira dubbai har ga ƙananan shugabanni, kowane kofur ya san inda za shi ko da hafsansa ya faɗi. Duk da haka sun rasa mutum wajen 3,600. Abin da shiri mai kyau ya ci ke nan.

Mangin shi ne ke riƙe da runduna ta 6, kuma shi ne tun 1910 ya wallafa littafi yana kiran Faransa ta kafa rundunar baƙar fata. A rubuce-rubucensa ya yi da'awar cewa ɗan Afirka an halicce shi ne don farmaki, wai jijiyoyinsa ba sa jin zafi kamar na Bature. Wannan ƙarya ce, kuma ƙaryar ta shiga cikin lissafin yaƙi ta zauna. Inda hankali zai ce a ƙara igwa, a jira yanayi, a rage buri, sai aka cike gurbin da zaton cewa waɗannan mutane za su wuce ko ta halin ƙaƙa. Al'adar sojan Faransa ita ce a kai sojojin Afirka kudu, wajen Fréjus, su yi hunturu. A wannan shekara aka dawo da su arewa sanyi bai tafi ba. Tun kafin ranar, an kwashe da yawa zuwa asibiti saboda ƙafafunsu sun daskare.

Ƙarfe 6 na safiyar 16 ga Afrilu 1917 aka fita. Ana ruwa haɗe da ƙanƙara. Ku ɗauki mutumin da ya tashi a Borgu ko a bakin Kwara, ya kwana tsaye cikin taɓo mai sanyi, yatsunsa sun sandare har ba ya iya ɗura harsashi, wani ma sai dai ya rungume bindigar a hammata. An tsara wutar igwa ta riƙa matsawa mita 100 kowane minti 3. A shimfiɗaɗɗen fili da rani wannan tafiya ce mai sauƙi. A hawan tudu, cikin taɓo, da kaya, wutar ta tafi ta bar su. Jamusawa suka fito daga kogunansu, wasu ta bayan waɗanda suka riga suka wuce. A wajen gonar Hurtebise da kewayenta bataliyoyi suka narke. Hafsoshi da yawa sun faɗi tun farko, su ne kuwa masu taswira da agogo, su ne suka san shirin. An ce kafin dare za a kai garin Laon. A wurare da dama ɗaruruwan mitoci kawai aka ci. Wuraren jinya da aka tanada bisa zaton nasara suka cika suka batse, masu rauni suka kwana a waje. Cikin kwana 10 Faransa ta rasa rayuka wajen 30,000. Daga cikin sojojin Afirka kimanin 16,000 da aka jefa, masana tarihi suna ƙiyasta wajen 7,000 ne aka kashe, ko aka raunata, ko suka ɓace.

Sojojin Faransa da kansu suka fara ƙin komawa farmaki, tawaye ya bazu a runduna da dama. Aka sauke Mangin, a watan Mayu aka maye gurbin Nivelle da Pétain. Blaise Diagne, ɗan majalisa daga Sanagal, ya tashi a zaman sirri na majalisar dokoki ranar 29 ga Yuni 1917 ya zargi hafsoshi da kai mutanensa mahallaka cikin sanyin da aka san ba su iya jurewa.

A nan gida kuwa, jama'a ba su jira wannan labari ba kafin su ce a'a. Kamen soja na dole, da haraji, da aikin tilas, su suka ta da Bio Guera a Borgu, aka kashe shi a Disamban 1916. Shi ne mai dokin nan da aka kafa mutum-mutuminsa a shataletalen hanyar filin jirgin saman Kwatano a 2022. A duwatsun Atakora kuma, Kaba ya riƙe nasa tawayen har 1917. Ina ganin ya kamata 'ya'yanmu su koyi labarin waɗanda suka ƙi tafiya tare da na waɗanda aka tafi da su, don buƙata ɗaya ce ta Faransa ta faɗa wa dukkansu.

Gwamna-janar na Afirka ta Yamma, Van Vollenhoven, ya faɗa wa Paris ƙasar ba za ta iya ba da ƙarin mutane ba. Da aka ƙi ji ya ajiye muƙaminsa a farkon 1918, ya koma bakin daga, aka kashe shi a watan Yuli. Firaminista Clemenceau ya ɗora wa Diagne, shi wannan da ya yi ƙorafi a majalisa, aikin nemo sababbin sojoji, da alkawarin ƙarin 'yanci ga waɗanda suka tafi. A wannan shekara aka samu mutum wajen 63,000 daga Afirka ta Yamma. Mangin shi ma bincike ya wanke shi, a watan Yunin 1918 aka ba shi runduna ta 10. Kafin a tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, Faransa ta ɗebi mutum kusan 200,000 daga ƙasashenmu na kudu da Sahara, wajen 30,000 ba su dawo ba.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.